Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Gonar Baffa

Makon jiya na tsaya a inda na rufe shagona na Kantin Kwari. Tun canjin kuɗi na farkon 2023 ciniki ya kwanta, mutum da kuɗinsa a banki amma babu takardar da zai sayi yadi biyar. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Kuɗin adaidaita daga Kurna zuwa kasuwa ya fara cinye ribar yini, ga haya, ga awo.

Awon nan shi ya fi ci mini rai. Baffa, Allah ya jiƙansa, yakan ce mai cin awo bawan kasuwa ne. Ranar da zan tafi Kano ina saurayi ya faɗa mini, yana zaune gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya, ko ɗago kai bai yi ba. A Dawanau maganar ta dawo mini, ina cinikin rabin buhun gero da ƙila daga yankinmu na Bichi aka ɗauko shi. Shi ne na tattara na koma ƙauye, gonar Baffa.

Yayan maman yara kuwa, a taron suna, gaban mutane, ya ce karyewa na yi na gudu ƙauye. Har yau bai janye ba. Bara da kaka shi ya aiko yaronsa da buhu wai a sam masa wake. Na cika masa, ban ce komai ba.

Gonar da na tarar duk wuta-wuta ce. Ɗan'uwan da aka ba aronta dawa yake zuba mata kowace damina, ba taki ba hutu, ƙasar ta yi fari fat. Takin zamani ya fi ƙarfina, sai na bi yadda Baffa yake yi: tun da rani jaki na kai kashin tumaki da toka mangala-mangala, na tsuga su tsibi-tsibi, na sa gyaɗa da wake a gefen da cutar ta fi yawa, ina tuge wuta-wutar kafin ta yi fure. Hannun da ya saba auna shadda sai da ya yi kanta kafin a gama noman fari.

Mai cin awo bawan kasuwa ne, in ji Baffa, amma ni har yanzu gishiri da manja da omo sai na je kasuwa, kuɗin makarantar yara kuma akuya ce ke biya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka yi maman yara ta yarda ta bar Kurna, don ba da daɗi ta taho ba.