Mutanen da Ke Riƙe da Mai Sabuwar Sana'a

Aikin akanta na bari na shiga sana'ar haɗa wutar sola, kuma yanzu ina da ɗan ƙaramin kamfani da ke ɗora farantan sola a rufin gidaje, shaguna da ƙananan ɗakunan shan magani. Masu niyyar barin aikin albashi sukan tambaye ni yawan jarin da za su tara kafin su fara, amma da wuya su tambayi wanda zai tsaya musu a sabuwar sana'ar, alhali wanda ya bar aikin da aka san shi da shi yana barin sunansa a can ne. A sabon fagen babu wanda ya taɓa ganin aikin hannunsa, saboda haka yardar da zai fara ci da ita aro ce daga wasu.

Mutum na farko da na jingina da shi wani tsohon ma'aikacin lantarki ne da ya daɗe a harkar. Lissafin wutar da gida ke buƙata bai ba ni wahala ba, domin tara ƙarfin kayan wuta ne a ninka da sa'o'in da suke aiki. Abin da takarda ba ta koyarwa shi ne abin da na samu a wurinsa. Shi ya nuna mini cewa firji da famfon ruwa suna jan wuta ninkin abin da aka rubuta a jikinsu a lokacin da suke tashi, don haka inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wutar gida, ko da ta isa a lissafi tana iya kasawa a aikace. Shi ya nuna mini yadda inuwar reshe ɗaya a kan faranti guda take rage ƙarfin dukan farantan da aka jera a layi ɗaya, da yadda siririyar waya take zafi tsakanin batir da inbata saboda yawan wutar da ke bi ta cikinta, da dalilin da ya sa batirin dalma yake saurin mutuwa idan ana yawan sauke shi ƙasa da rabi, alhali na litiyom yana jure fiye da haka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, idan mutum ya koye shi a gidan kwastoma, da kuɗinsa da mutuncinsa yake biya.

Ba don tausayi ya riƙe ni ba, kuma a nan ne nake ganin yawancin masu sauya aiki suke rauni. Suna zuwa wurin gwani da buƙata kawai, kamar shekarun da suka yi a tsohon aikinsu ba su bar musu komai a hannu ba. Maigidan nan gwani ne a kan rufi, amma ba shi da littafin shiga da fita, bai san adadin masu riƙe masa kuɗi ba, kuma da baki yake yanka wa mutane farashi. Na tsara masa littafin bashi, na riƙa rubuta masa takardar kiyasin aiki wadda ke nuna kuɗin kaya daban da ladan aiki daban. Wata rana ya ce mini, “Malam, kai ka riƙe biro, ni in riƙe filaya, sai mu ga wanda zai riga koyon na ɗan'uwansa.” Daga nan ya daina ɗaukata a matsayin ɗan kallo. Malamin makaranta ya iya bayani, tsohon ma'aikacin banki ya san yadda ake neman rance, wanda ya yi aikin talla ya san yadda ake magana da mai saye, kuma duk waɗannan abubuwa ne da masu aikin hannu da yawa suke nema.

Sai dillalin kaya. A wannan sana'a akwai faranti da batir da abin da aka rubuta a jikinsu ya fi ƙarfinsu na gaskiya, kuma sabon shiga ba ya iya bambancewa da ido. Dillalin da ya yarda da kai zai gaya maka wanda za ka guje wa, ya ba ka kaya bashi har kwastoma ya biya, ya karɓi inbatar da ta lalace cikin wa'adin garanti ba tare da jayayya ba. Hanyar samun wannan yarda guda ɗaya na sani: biya a ranar da aka yi alkawari, idan kuma kwastoma ya jinkirta, a kira dillali kafin ranar ta zo a faɗa masa gaskiya.

Ayyukana na farko kuwa ba daga dangi ko aminai suka zo ba. Sun zo ne ta hannun tsofaffin abokan aiki da ba mu wuce gaisuwa ba, da mutanen da na taɓa yi wa lissafi shekarun baya. Masana sun daɗe da lura da haka. A 1973 Mark Granovetter, masanin zamantakewa ɗan Amurka, ya nuna cewa a cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, mafi yawansu ta hannun mutumin da suke gani jefi-jefi ne, ba wanda suke tare kullum ba. Dalilin a fili yake: na kusa da kai mutanen da ka sani su ya sani, labarin da ka ji shi ya ji, amma na nesa yana zaune cikin wasu jama'a daban. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a kan masu amfani da LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, su sama da miliyan 20, wanda ya ƙarfafa wannan magana, tare da nuna cewa sanayya mai matsakaicin ƙarfi ce ta fi kai mutum ga sabon aiki. Saboda haka nake ba duk mai shirin ajiye aiki shawara ya rabu da tsohon wurinsa lafiya, ya miƙa aiki a tsare, ya kuma faɗa wa mutane a sarari abin da ya koma yi, domin wanda bai san sana'arka ba ba zai tura maka kowa ba.

Tarukan da ake zuwa a yi musayar kati a watse ba su amfane ni da wani abin kirki ba. Abokan sana'a da ake ɗauka kishiyoyi sun fi su amfani nesa. Aiki yakan fi ƙarfin ƙaramin kamfani ɗaya, ko ya zo lokacin da hannu ya cika, sai a kira wani a raba. Wannan hulɗa tana da ƙa'idojinta: ba a zagayawa a ɗauke kwastoman wanda ya gayyace ka, ba a kushe aikin wanda ya riga ka a gaban mai gida ko da akwai gyara a ciki, kuma ana rubuta rabon kowa kafin a hau tsani, domin yawancin zumuncin da na ga ya lalace a wannan harka a wajen rabon kuɗi ya lalace.

Akwai kuma alaƙar da ke ci maka jari. Akwai abokin da yake son aiki kyauta da sunan zai tallata ka, akwai maigidan da ba ya son yaronsa ya tsaya da ƙafarsa. Na farkon ina rubuta masa kiyasi kamar kowa, in yi masa ragi idan na ga dama, ragin kuma ya fito a takarda. Game da na biyun, tun ranar da na fara bin maigidana na sanar da shi cewa nufina in buɗe nawa, kuma da lokacin ya yi shi ya gabatar da ni ga dillalinsa. Har yanzu idan aiki ya haɗa da tsohon wayarin gida mai rikitarwa shi nake kira a biya shi ladansa cikakke, ni kuma nake duba masa littafinsa a ƙarshen kowane wata.