Kashi 12 na tura masa a dare ɗaya

Ranar da na ga labarina a YouTube, ina zaune wurin mai shayi a Sabon Gari, nan Damagaram, bayan sallar isha'i. Wani yaro a ƙarshen benci yana kallon fim a waya, bai sa abin kunne ba. Sai na ji wata tsohuwa a cikin fim ɗin tana ce wa ɗanta, "Rijiyar da ubanka ya haƙa ba ta san rabon gado ba." Ni na rubuta wannan magana, a shafi na 9 na kashi na biyu, kuma sau huɗu na sake ta kafin ta zauna. Na ce wa yaron, "Ƙanena, ara mini wayarka minti ɗaya." Na mayar da fim ɗin farko, inda ake jera sunaye. Shiryawa da sunan mutum, bada umarni da sunan mutum, labari da tsarawa ma da sunan wani. Na duba sau biyu, nawa bai fito ko'ina ba.

Watan Oktoba na 2023 ke nan. A Fabrairun shekarar ne na tura wa wani furodusa a Kano labarin ta WhatsApp, kashi 13 cif, shafi ya haura 400, 12 daga ciki a dare ɗaya. Wannan turawar ita ce kuskurena, kuma duk abin da ya biyo baya daga gare ta ya fito.

Har zuwa wannan daren komai ya tafi yadda ya kamata, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Furodusa ba ya karanta shafi 400 na mutumin da bai sani ba, ko 40 ma da wuya. Wanda ke karantawa shi ne mataimakin darakta, ko edita, ko mai kula da kontiniti, wato daidaituwar abubuwa daga sin zuwa sin, su ne suka san abin da maigidansu ke nema a wannan zangon. Ni ta hannun wani edita ɗan Matamai da ke aiki a wani sutudiyo a Zoo Road na shiga. Shafi ɗaya na ba shi. A sama jimla biyu: mai garuwa ya gano rijiyar da yake sayen ruwa a cikinta shekara ashirin ta mahaifinsa ce, kuma wanda ke karɓar kuɗin ya sani. A ƙasa taƙaitaccen labarin, sai jerin manyan 'yan wasa shida da wuraren ɗauka tara. Wannan jerin wuraren shi ya sa aka kira ni, daga baya editan ya gaya mini. Mai kuɗi da ya ɗauki takarda, lissafi yake yi: gida nawa za a ara, sin nawa ne na dare da sai an kunna janareto, akwai taron biki da sai an ciyar da mutum hamsin, kwana nawa babban jarumi zai yi a lokeshan. Nawa labarin kusan rabinsa a tsakar gida ɗaya yake da bakin rijiya, kuma na tsara shi yadda za a ɗauke duk fitowar jarumi mafi tsada cikin kwana huɗu.

Sai furodusan ya nemi kashi na farko, na tura. Shafi 34, sin 21, wajen minti 35 idan an bi lissafin shafi ɗaya minti ɗaya. Bayan kwana uku ya kira ni da kansa.

Muryarsa da daɗi. Ya fara da wasan nan na Bakano da Badamagare, muka yi dariya, ya ce, "Malam, wallahi alƙalaminka na da kaifi. Amma ka san ba a cinikin biri a sama. Turo mini sauran in ga inda ka kai shi, sai mu zauna mu yi magana ta girma." Na ce, "To Alhaji, kuɗin fa?" Ya ambaci wani adadi a kan kowane kashi, na ji ya yi mini. Duk a kira ne, ba a rubuta ko harafi ba. Na so in ce a sa a takarda, sai na ji nauyi. Mutum ya girme ni, ya kira ni da kuɗin wayarsa, ya yi mini wasa, ya yabi aikina, kuma ni ne baƙo a harkar. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, na san karin maganar tun ina yaro, ban tuna ta ba a daren da take da amfani. Na tura fayil 12 da suka rage, a Word ma, wanda kowa zai iya buɗewa ya goge suna ya sa nasa. Washegari ya aiko da naira 50,000 ta hannun wani ɗan canji, ya ce in sayi data. Na karɓa na yi godiya.

Daga nan sai "muna neman mai ɗaukar nauyi", sai "bari a wuce azumi", sai wayar ta daina shiga.

Abin da na gani a wayar yaron an yi masa kwaskwarima. Birni ya koma wata unguwa a Kano, sunaye duk an canza, an cusa wata kishiya da ba ta cikin nawa, an ƙara waƙa. Amma jeren sina-sinan nawa ne, wurin da kowane kashi ke tsayawa nawa ne, maganganu da yawa ko wasali ba a taɓa ba. Na so in kama hanya washegari, sai dai iyaka a rufe take tun watan Agusta, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 240 ba ta zama sai ta barauniyar hanya da kuɗi ninki. Sai da aka buɗe a Maris na 2024, na bari aka yi ƙaramar salla, na bi ta Matamai da Daura na shiga Kano. Kafin lokacin an gama saka kashi 13 duka, an ci kuɗin tallar da za a ci.

A Kano na fara zuwa wurin wani lauya da abokina ya haɗa ni da shi, kuma abin da ya faɗa mini ya kamata duk marubuci ya ji shi kafin ya buɗe WhatsApp. Haƙƙin mallaka yana hawa kan rubutu tun ranar da aka rubuta shi, ba sai an yi rajista ba. Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, saboda haka rubutun da aka yi a Damagaram yana da kariya a Kano. Amma dokar ba ta kare tunanin labari, tana kare yadda aka zuba shi a takarda ne. Kowa na iya yin fim a kan mai garuwa da rijiyar gado, abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne sina-sinanka da maganganunka. Har nan ina da ƙarfi. Sai ya tambaye ni, "Ka karɓi kuɗi daga hannunsa?" Na ce naira 50,000, na data. Ya ajiye biro. Ya ce a dokar Najeriya sayar da haƙƙi ɗungurungum dole sai a rubuce, amma izinin amfani da aiki ana iya bayar da shi da baki, ana ma iya fahimtarsa daga yadda mutane biyu suka yi mu'amala. Ka tura duka da hannunka, ka karɓi kuɗi, ka yi godiya, ka yi shiru wata takwas. Shi zai ce ciniki ne, kai kuma me za ka nuna?

Ba ni da abin nunawa mai ƙarfi. Maganar farashi a kira aka yi ta. Wayar da na tura fayilolin da ita ta faɗa ruwa da damina, ban taɓa ajiye hirar a wani wuri ba. Abin da ya rage mini shi ne littattafai uku na rubutun hannu da fayilolin da ke kwamfutata. Su suka sa ma aka saurare ni.

Kotu a ƙasar da ba tawa ba, da kuɗin lauya da na mota duk zama, ya fi ƙarfin abin da nake bi. Sai aka yi zaman sulhu gaban wasu dattawan harkar su uku, a wani ofishi mai fanka ɗaya. Na baza littattafan a kan tebur. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe na biyu, ya karanta sin ɗin tsohuwa da rijiya a bayyane, da gogen da na yi da jan biro, sannan ya kunna wurin a waya. Ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Sai ya dubi furodusan ya ce, "Alhaji, wannan kam na yaron nan ne." Alhaji ya ce ai bai musa ba, ya saya ne, ya kuma biya. Aka tsaya a kan ya cika mini rabin abin da muka yi magana a kira, a naira. Tun Yunin 2023 naira take zubewa, kafin in canza kuɗin zuwa sefa abin da ya shigo aljihuna bai kai kashi ɗaya cikin uku na lissafin da na yi a Fabrairu ba. Suna kuwa, aka ce fim ya riga ya hau, ba za a sauke a sake ba. Wannan shi ya fi ci mini rai har yau, don marubuci da sunansa a allo yake samun aiki na gaba.

Labari na biyu na sayar da shi ga wasu matasa masu tashar YouTube, kuma ga yadda na bi.

Kafin kowa ya gani, na mayar da shi PDF, kowane shafi da sunana da lambar shafi a ƙasa. PDF yana da wani amfanin ma: ƙ da ɗ da ɓ ba sa rikiɗewa su koma akwati-akwati idan an buɗe a wata waya. Na tura wa kaina ta imel don kwanan wata ya zauna a wurin da ba ni ke riƙe da agogonsa ba, na buga kwafi ɗaya na ajiye. Wanda ya samu hali ya kai aikinsa BNDA, ofishin haƙƙin mallaka na Nijar da ke Yamai, ya shigar da shi. Rajista ba ita ke ba ka haƙƙi ba, amma ranar gardama takarda mai hatimi ta fi rantsuwa saurin kashe magana.

Shafi ɗaya na bayar kyauta, kashi na farko ma kyauta. Da suka ce in turo sauran su gani, na ba su taƙaitawar kowane kashi a layi biyar biyar, ban da na ƙarshe. Wanda ke son saye da gaske wannan ya ishe shi ya yanke shawara. Wanda ya nace sai ya ga duka kafin a yi maganar kuɗi, na riga na san irinsa.

Takardar yarjejeniyar shafi ɗaya da rabi ce, da Hausa, muka sa hannu da shaidu biyu. Ta faɗi sunan labarin da yawan kashi, da kuɗin kowane kashi a sefa, an rubuta da lamba da kuma kalmomi. In da naira za a biya, to a kan canjin ranar biya. Biya sau uku: kafin alƙalami ranar sa hannu, na biyu idan na miƙa kashi na 2 zuwa na 8, na uku kafin in saki na 9 zuwa na 13. Sunana zai fito a farkon kowane kashi a ƙarƙashin "labari da tsarawa", shi kaɗai a allo. Gyara sau biyu yana cikin kuɗin, na uku sabon ciniki ne. Haƙƙin da na ba su na YouTube ne, idan gidan talabijin ya saya ko za a yi zango na biyu, sai mun sake zama. Idan shekara ɗaya ta wuce ba su fara ɗauka ba, labarin ya dawo hannuna, kafin alƙalami kuma ba ya komawa. Wannan sharaɗin na ƙarshe su suka fi ja a kansa, ni kuma shi na fi riƙewa, don labarai da yawa suna mutuwa a aljihun teburin wanda ya biya kuɗi kaɗan ya manta. Duk kiran da muka yi, ina ajiye waya sai in rubuta saƙo: "Kamar yadda muka yi magana yanzu, kaza da kaza." Ba na ci gaba sai an amsa da "haka ne". Ƙarshen kowane mako ina fitar da hirar in tura imel.

Gyaran da suka nema ya koya mini wani abu da ya shafe mu mutanen nan. Idan kasuwar labarinka har da Najeriya, kalmominmu na yau da kullum suna tsayar da mai kallo. Mu in mun ce an kai shi likita, asibiti muke nufi, Bakano kuwa mutum yake ji. Lakwal, jandarma, komsariya, jika biyar, duk sai an yi shawara a kansu. Ban goge su duka ba, na bar su a bakin wanda labarin ya nuna ɗan Damagaram ne, na sa wani ya amsa yadda ma'anar za ta fito. Sai kuma hukumar tace finafinai ta Kano, wadda ke aiki tun 2001. Furodusan da zai ɗauka a can yana karanta rubutunka da idonta: taɓa jiki tsakanin namiji da mace, sutura, zagi, duk sin ɗin da ya san za a yanke asarar yini ce gare shi. Gara ka rubuta shi yadda zai wuce tun daga gida, kafin wani ya gyara maka shi a lokeshan da gaggawa.

Yanzu sun gama ɗaukar kashi na 6. Biya na biyu ya shigo ta Nita, kamfanin tura kuɗi, kwana biyu bayan na miƙa, jika-jikan sun cika. Makon jiya daraktan ya kira ya ce, "Yaya, don Allah turo mana na 9 mu fara neman gida, kuɗin na zuwa ranar Litinin." Yaron kirki ne, na kuma yarda da shi. Na tura masa jerin wuraren da kashi na 9 ke buƙata da sunayen 'yan wasan da za su fito a ciki, abin da zai nemi gida da shi ke nan. Kashin kansa yana cikin filas a aljihun rigata, sai Litinin ɗin.