Godiya bayan tiyatar zuciyar mahaifiyarmu

Alhamdulillahi, an sallamo mahaifiyarmu daga asibiti bayan tiyatar zuciya da aka yi mata, kuma a madadin iyali baki ɗaya nake miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana.

Ƙofar da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciyarta ce ta daina rufewa da kyau, jini yana komawa baya, har numfashi ya riƙa gagararta idan ta kwanta. Babban abin da ya tayar mana da hankali shi ne batun tsaga ƙashin ƙirji, wanda kan ɗauki makonni 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, amma likitoci suka gyara ƙofar da wata na'urar tiyata mai hannayen ƙarfe da ake kira "da Vinci", ta wasu ƙananan hudoji tsakanin haƙarƙarinta na dama, ba tare da an taɓa ƙashin ba.

Masu yi mana barka da dama suna cewa mutum-mutumi ne ya yi aikin. Ba haka ba ne. Likita ne ya zauna yana kallon cikin zuciyar a hoton da aka faɗaɗa kusan sau goma, hannayen ƙarfen kuma suna bin motsin yatsunsa. Irin wannan gyara da na'ura Farfesa Alain Carpentier ne ya fara yin sa a birnin Paris a 1998. Muna gode wa likitanmu bisa ƙwarewarsa da haƙurin amsa tambayoyinmu.

Godiya ta musamman kuwa ga ma'aikacin da ya kula da na'urar zuciya da huhu, domin a ganina ba a cika ambaton irinsu ba. Lokacin da aka tsayar da zuciyar Mama cak da ruwan magani mai ɗauke da fotasiyam, shi ne ya riƙa janyo jininta ta bututun da aka saka a jijiyoyin saman cinya, na'urar tana sanya masa iskar oksijin tana mayar da shi jiki, har aka kammala ɗinki zuciyar ta ci gaba da bugawa. Tun 1953 da John Gibbon ya yi nasarar amfani da wannan na'ura a Amurka ake dogaro da ita.

Likitocin da suka sa ta barci, ma'aikatan jinya na sashen kulawa ta musamman, waɗanda suka ba da jini, da 'yan uwa da abokan arziki da suka yi ta addu'a, Allah Ya saka muku da alheri. Muna roƙon masu son zuwa dubiya su ɗan dakata tukuna, saboda likita ya ce a bar ta ta huta.