Laraba a Kaduna: harsashi, ma'auni da takardar kwangila

Tun bayan sallar asuba na zauna kan shirin darasin da zan gabatar wa ma'aikatan sashen sayayya da ke halartar kwas ɗinmu na wannan zango, wanda ya shafi yadda ake rubuta cikakken bayanin kaya a cikin takardar kwangila. Na yanke shawarar ɗauko misalaina daga sayen kayan yaƙi, domin a wannan fanni ne bambancin milimita ɗaya yake iya jawo asarar rai, kuma a cikinsa ne ƙasashe suka daɗe suna ƙoƙarin daidaita ma'auninsu da na juna.

Abin da ya fi cin lokacina da safe shi ne batun harsashin igwa mai faɗin milimita 155. Lokacin da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairun 2022, yawancin bindigogin atilare na Yukren ƙirar Tarayyar Sobiyet ne, masu cin harsashin milimita 152 da 122. Da ƙasashen Yamma suka fara kai ɗauki, sai ga M777 daga Amurka, ga CAESAR daga Faransa, ga PzH 2000 daga Jamus, ga Krab daga Foland. A takarda dukkansu milimita 155 ne, kuma ƙungiyar tsaro ta NATO tana da yarjejeniyoyin daidaita ƙa'ida da ake kira STANAG, ban da wata yarjejeniya da Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Italiya suka ƙulla a tsakaninsu a kan lissafin harba wannan harsashi. Sai dai harsashin igwa abubuwa ne da yawa a haɗe: akwai gangar jikinsa, akwai kan da ke tayar da fashewa, akwai albarushin da ke tura shi, sannan akwai jadawalin lissafin da mai harbi ke dogara da shi don sanin inda zai faɗa. Harsashin wata ƙasa yana iya shiga igwar wata ƙasa lafiya lau, amma muddin ba a taɓa gwada su tare an tabbatar da sakamakon ba, babu wanda zai ba da tabbacin inda zai sauka, ko irin lahanin da zai yi wa bututun igwar.

A watan Oktoban 2023 shugaban kwamitin soja na NATO na lokacin, Admiral Rob Bauer, ya fito fili ya koka da wannan hali. Ya nuna cewa bin ƙa'idar ganin dama ne, cewa ƙasashe 14 sun keɓe wa kansu 'yancin kauce mata, kuma kuɗin harsashi ɗaya ya tashi daga yuro 2,000 kafin yaƙin zuwa yuro 8,000. Wannan ya girgiza ni, domin ƙungiyar ta kafa hukumar daidaita ƙa'idojin soja tun 1951, amma bayan shekara saba'in da ɗoriya aka wayi gari ƙa'idar tana rubuce, masana'antu kuwa kowace tana ƙera abin da ya dace da igwar ƙasarta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kamfanin da ya sayar maka da igwar da harsashinsa kaɗai aka amince a harba a cikinta ya mallaki cinikinka na shekaru masu yawa. Sai a watan Janairun 2024 hukumar sayayya ta NATO da ke Lukzambur ta sa hannu a kan kwangilar haɗin gwiwa ta kimanin dala biliyan 1.2 domin harsasai kusan 220,000, ita ma irin wannan sayayya ta gayya ba ta yiwuwa sai masu saye sun amince da abu iri ɗaya.

Bayan azahar na je Kakuri gaida kawuna, tsohon soja wanda ya yi aikin kula da sito a rundunar ECOMOG, ta kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya a farkon shekarun 1990. Hanyar gidansa ba ta da nisa da masana'antar ƙera makamai ta DICON, wadda aka kafa a 1964 tare da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. Da muka gaisa na faɗa masa abin da nake karantawa, sai ya ce in miƙo masa tsinken tsintsiya. Ya karya shi gida biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo da kusan faɗin farce, ya jera su a kan tabarma. Ya ce, "Ɗana, ka ga waɗannan? Dukkansu 7.62 ake ce musu. Dogon shi ne na bindigogin FN da G3, kwansonsa milimita 51. Gajeren na AK ne, kwansonsa milimita 39. Akwai ma na uku, mai baki a gindi, milimita 54, na babbar bindigar Rasha. Idan ka karanta 7.62 a jikin akwati ka tsaya nan, ka loda wa mota ka tura bakin daga, to ka tura wa 'yan'uwanka ƙarfen da ba zai yi musu amfanin komai ba."

Na ce, "Kawu, to yaya kuka yi da sojojin ƙasashe daban-daban a wuri ɗaya?" Ya ce da su da 'yan Ghana da Gini da Saliyo da Gambiya aka shiga, wasu da makaman Yamma, wasu da na Gabas, ga bambancin harshe tsakanin masu Ingilishi da masu Faransanci, don haka mai kula da sito ba ya yarda da sunan da aka rubuta sai ya buɗe akwati ya duba gindin kwanso da idonsa. Ya bayyana mini cewa harsashin da aka ƙera bisa tsarin NATO yana ɗauke da alamar gicciye a cikin da'ira a gindinsa. Da zan tashi ya ƙara da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, duk abin da ba a daidaita ba lokacin zaman lafiya, ba a tsakiyar wuta za a daidaita shi ba.

A hanyar komawa na riƙa tunanin yadda shi wannan dogon harsashi ya zama ƙa'ida tun farko, domin tarihinsa yana da darasin da ba na so ɗalibaina su rasa. A 1954 NATO ta karɓi 7.62 mai kwanso 51 bisa matsin lambar Amurka, har Birtaniya ta haƙura da nata ƙaramin harsashin da bindigar EM-2 da ta riga ta ƙera dominsa. Ba a yi nisa ba, cikin shekarun 1960, Amurkar da kanta ta koma ga bindigar M16 mai cin harsashin milimita 5.56 a yaƙin Biyetnam, sauran ƙawayenta suka ci gaba da riƙe abin da ta ɗora musu, har zuwa 1980 da aka amince da 5.56 ƙirar Beljiyam a ƙarƙashin STANAG 4172. Wanda yake zaune a teburin rubuta ƙa'ida yakan rubuta ta daidai da masana'antarsa, wanda ba ya wurin kuwa sai dai ya karɓa ya biya.

Da la'asar na shiga aji. Na fara da lambar kaya ta NATO mai alƙaluma 13, domin ita ce ta fi kusa da aikinsu na yau da kullum: huɗun farko suna nuna rukunin kayan, biyu na gaba suna nuna ƙasar da ta yi musu rajista, kamar 99 ga Birtaniya, 12 ga Jamus, 14 ga Faransa, sauran bakwai kuma na kayan ne su kaɗai. Da wannan lamba, noti ɗaya yana da suna ɗaya a kowane sito, ko da kamfanoni goma ne suke ƙera shi, kuma ƙasashe da dama da ba sa cikin ƙungiyar, irin su Afirka ta Kudu da Barazil da Ostareliya, sun shiga tsarin. Na ce musu takardar kwangilar da ba ta ambaci ƙa'ida da hanyar gwaji ba kamar cinikin hatsi ne da mudun da ba a faɗi na wace kasuwa ba ne, kowa zai auna da wanda ya fi masa riba.

Wata ma'aikaciya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan muka ɗaure kanmu da ƙa'idar NATO, ai mun rufe ƙofar saye daga Chaina da Rasha, alhali Yammacin ba kullum suke yarda su sayar mana ba." Tambayarta tana kan hanya, na kuma faɗa mata haka. A 2014 Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen Cobra daga Isra'ila, a daidai lokacin da yaƙin Boko Haram ya yi tsanani, saboda haka ban ga laifin ƙasar da ta rarraba ƙafa ba. Amma rarrabawar tana da tsada. Tankokin VT-4 sun zo daga Chaina a 2020, jiragen Super Tucano 12 sun zo ta hannun Amurka a 2021, jiragen JF-17 guda 3 daga Pakistan su ma a 2021, ga jirage masu saukar ungulu T-129 daga Turkiyya da Mi-35 na Rasha, ga tsofaffin jiragen Alpha Jet. Kowane ɗaya yana tafe da nasa kayan gyara, nasa makamai, nasa littafin aiki, da makanikan da sai an horar da su daban.

Ra'ayina, wanda na faɗa a aji kuma nake nanata shi a nan, shi ne ba sai mun kwafi tsarin kowa dungurungum ba, amma wajibi ne ƙasashen da sojojinsu ke fuskantar abokin gaba ɗaya a yankin Tafkin Chadi su amince da 'yan abubuwa na tushe: nau'in harsashin ƙananan bindigogi, ingancin mai, na'urorin sadarwa masu jin juna, da lamba ɗaya ga kayan gyara. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin mai hedikwata a Injamena ita ce wurin da ya dace a fara. Akwai ma abin ɗorawa a kai, tunda yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta wajabta sanya wa makamai alamar shaida. Abin da ke damuna ƙwarai shi ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairun 2025 da janyewar Nijar daga rundunar a watan Maris na shekarar sun rage kujerun da ke teburin, alhali iyakar Borno da Diffa tana nan inda take.

Da dare na sake duba batun sabuwar dokar DICON da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta buɗe ƙofa ga kamfanoni masu zaman kansu. Idan masana'antu da yawa za su riƙa ƙera harsashi da sulke a cikin gida, to ana buƙatar ɗakin gwaji mai zaman kansa wanda maƙwabta za su yarda da sakamakonsa, kamar yadda NATO take da cibiyoyin gwajin harsashi a Birtaniya da Amurka. Gobe in Allah ya kai mu zan raba wa ajin takardar kwangila ta gwaji wadda aka rubuta "harsashi 7.62" kawai a cikinta, in nemi kowane rukuni ya cike tsawon kwanso, da ƙa'idar da za a bi, da wanda zai yi gwaji kafin a biya ɗan kwangila.