Landan a Disamba: gardi cikin rigar mata, yara na ta tafi

Duk wanda ya ce miki ki je Landan hutu a watan Disamba, ki ƙara tambayarsa ko da gaske yana ƙaunarki. Kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a guje suke zuwa, kina idar da wannan waccan ta kawo jiki, ga sanyin da yake shiga har cikin haƙori. Ni dai dole ce ta kai ni, yayata da take aikin nas a can ta haihu, Hajiya kuma ƙafa ta hana ta dogon zama a jirgi, shikenan aka ce ni zan je. Daga Abuja muka tashi muka sauka Heathrow, mijin Yaya ya tarbe ni muka hau jirgin ƙasan nan na layin Elizabeth, shi ya kai mu har Woolwich ba canji.

Labarin jego ba shi zan ba ku ba, kowa ya san shi. Wani abu ne daban ya tsaya mun a rai.

Ranar wata Asabar Yaya ta miƙo mun tikiti ta ce in raka manyan yaran kallon wasa, tun kafin ta haihu ta saya kuma ba a mayar da kuɗi. Fanto suke ce masa, wasan kwaikwayo ne na lokacin Kirsimeti da ake yi wa yara, duk garin da ke da gidan wasa a Ingila sai an yi. Muka tafi Hackney Empire, wani tsohon gini da aka buɗe tun 1901, ciki duk ado ja da ruwan zinari, bene kan bene. Labarin Aladdin ake yi. Ina zaune ina gyara mayafi sai ga uwar Aladdin ta fito, wlh sai da na ƙara buɗe ido. Gardi ne ƙato, da muryarsa ta maza ko ɓoyewa bai yi ba, ya sha jan baki har ya wuce leɓe, gashin kanti tuli guda a ka, riga kuwa duk fitowa da irin wadda zai sako, wata ma an yi ta da siffar kayan wanki sbd a labarin matar wankau take yi. Wuri ya kaure da ihu. Yara na tsalle, kakanni na share hawayen dariya, in mugun labarin ya lallaɓo ta baya sai duk ɗakin a ɗauka yana bayanki! yana bayanki! gardin kuma ya juya ta inda ba nan ba da gangan.

Na leƙa fuskar yaranmu, ko a jikinsu. Ƙaramar ta ce Anti ai kullum namiji ne yake yin maman, haka ake yi. Abun da ya fi kama da shi a wurinmu tashe ne, yaro ya manna gemun auduga ya fito a tsoho, kowa ya san yaro ne, sanin nan ma shi ne abun dariyar. To nan ma ba wanda ake son a ruɗa, so ake ki gane namiji ne.

Da muka dawo na ce Yaya wai dama abun da kika tura ni kenan? Ta yi dariya har ɗinkinta ya motsa, ta ce ke dai ki je Globe ki ji daga inda aka faro.

Globe ɗin, gidan wasan Shakespeare, yana bakin kogin Thames, gini ne zagayayye da rufin ciyawa, tsakiyarsa a buɗe ruwa na dukan mutane. Ba na asalin bane. Na asalin an gina shi 1599, ya ƙone ƙurmus a 1613 da aka harba igwa ana cikin wasa wuta ta kama ciyawar, wannan na yanzu sai 1997 aka buɗe shi. Mai zagayawa da mu ya ce zamanin Shakespeare mace ba ta hawa dandamali a Ingila sam, duk matan da ke cikin wasanninsa samari ne da muryarsu bata gama fashewa ba suke fitowa a madadinsu, har da Juliet ɗin da ake ta zuzutawa. Wato a lokacin kunya ce ta sa namiji ya sa rigar mata, gani suke fitowar macen ita ce abun kunyar. An rufe gidajen wasa gaba ɗaya a 1642, sai da Sarki Charles na biyu ya dawo kan mulki a 1660 sannan mata suka fara fitowa da kansu. Daga nan namiji a rigar mata ya koma ɓangaren barkwanci, ya zama tsohuwa mai masifa, bazawara mai neman miji, uwar da talauci ya isa. Wanda ya fi kowa suna a wannan shi ne Dan Leno, kar ku ɗauka ɗan Leno ne na wajen Zariya, Bature ne, daga 1888 yake fitowa a fanton gidan wasa na Drury Lane duk shekara har kusan mutuwarsa a 1904.

Amma ga inda abun ya ɗaure mun kai. A wancan zamanin, a dandamali a tafa maka, ka sauko titi da rigar nan kuma ka kwana a caji ofis. A 1870 an kama wasu samari biyu, Boulton da Park, suna fitowa daga gidan wasa na Strand cikin kayan mata, ƴan kallo ne ranar ba ƴan wasa ba, aka yi ta shari'a jaridu na cin kasuwa, a 1871 aka sallame su don an kasa tabbatar da laifin da ake tuhumarsu. Na bi ta titin Strand ɗin a bas, yanzu otal-otal ne da shagunan kofi, ba abun da zai nuna miki an taɓa yin haka.

Sauran labarin a bakin wata abokiyar aikin Yaya na ji shi, wata dattijuwar Baturiya da ta zo barka da ƴar hular sanyi da ta saƙa da hannunta. Ta fara aikin jinya ne lokacin da ƙanjamau ke kashe samari a Landan, shekarun 1980. Da ta ji ina tambaya sai ta ce ai iri biyu ne, akwai na fanto na yara, akwai kuma na mashaya da suke ce wa dirag, wanda ya girma a wuraren da ƴan luwaɗi ke taruwa tun lokacin da doka ke kama su, don sai 1967 aka sassauta dokar a Ingila da Wales. Shi wannan ba don a yi wa tsohuwa dariya ake yinsa ba, kwalliya ake ta gaske, a yi waƙa, a yi baƙar magana, a zagi gwamnati. Ta ce in ina son ganin wurin in sauka a Vauxhall.

Na sauka kuwa, da rana tsaka, a waje na tsaya, mashaya ce ba abun da zai shigar da ni. Royal Vauxhall Tavern sunanta, wani gini mai lanƙwasasshiyar fuska shi kaɗai a gefen gadar jirgi, ba nisa da hedikwatar leƙen asirin nan ta MI6. A nan wani ɗan Birkenhead mai suna Paul O'Grady yake fitowa a matsayin Lily Savage, mace mai farin gashi da bakin da ba linzami, da rana kuma ma'aikacin kula da marasa galihu ne a ƙaramar hukumar Camden. A watan Janairun 1987 ƴan sanda suka kai samame wurin sanye da safar hannu ta roba wai kar su ɗauki ƙanjamau, shi yana kan dandamali ya dube su ya ce ga dukkan alamu an samu masu taya wanke-wanke. Shekara goma bayan nan mutumin nan shi ke gabatar da shirin gasa a BBC da daddare lokacin da iyali ke zaune gaban talabijin, da rigar da gashin da komai. Daga baya ya ajiye Lily ya koma shirin karnukan da aka tsinta a gidan Battersea, har Camilla matar Sarki Charles ta fito tare da shi, da ya mutu a Maris 2023 ƙasar gaba ɗaya aka yi ta jimami. Ita kuma mashayar da aka kai wa samame, a 2015 gwamnati ta sa ta cikin gine-ginen tarihi da ba a yarda a rushe ba.

Kafin Paul O'Grady akwai Danny La Rue, haifaffen Cork, wanda ya buɗe kulob ɗinsa a 1964 har Gimbiya Margaret ƙanwar Sarauniya tana zuwa, amma shi kullum cewa yake ɗan barkwanci ne kawai da ya sa riga, baya yarda a wuce nan.

Abun da ya maida harkar kasuwa sosai daga Amurka ya zo. Wani mai dirag da ake kira RuPaul ya fara gasar masu dirag a 2009 a wata ƙaramar tashar talabijin mai suna Logo, wanda ya ci gasar a shekarar farko dala 20,000 aka ba shi, yanzu ana maganar 200,000. Ta iso Birtaniya a 2019 ta BBC, The Vivienne ya fara cinyewa. Yanzu a tashar jirgin ƙasa za ki ga tallansu a bango kusa da tallan banki, gidajen abinci suna sayar da tikitin karin kumallo da dirag ranar Lahadi, ƴan matan ofis su suka fi cika wurin, kamfanonin kayan kwalliya na rububinsu. Dattijuwar nan tsaki ta yi da na ambaci shirin, ta ce an wanke abun an goge an sa masa farashi, waɗanda ta sani a da kuɗin jana'izar abokansu suke tarawa da shi. Ni ba ahalin abun bace, addinina ya riga ya faɗi matsayinsa kan namiji ya kwaikwayi mace kuma ina kai, amma na gane takaicinta, don na san yadda abu yake komawa in masu kuɗi suka gano shi.

Kuma kar ku ɗauka duk Turawa sun yarda. Daga Vauxhall in kin haye gada da ƙafa ga gidan zane-zane na Tate Britain nan, a Fabrairun 2023 an yi zanga-zanga a ƙofarsa, masu so da masu ƙi suna ihu a kan juna ƴan sanda a tsakiya, sbd an gayyato mai dirag ya karanta wa yara littafi. Wannan tsarin a San Francisco aka faro shi a 2015. Na shiga Tate ɗin na sha shayi mai tsada na ɗumama hannuna, ina ta lissafin cewa cikin masu ihun nan da wuya a rasa wanda ya kai ɗansa fanto wata biyu kafin nan.

Rigimar har falonmu ta shigo. Mijin Yaya ya ce shi dama bai so aka je fanton ba, duk abu ɗaya ne, daga ƙarami ake sabawa. Yaya ta ce Abban yara kenan, to makaranta ma tana kai su duk shekara kuma kai kake sa hannu a takardar, ta ce na fanto ta yarda, na karatun littafi ne bata yarda ba. Ya ce to ki faɗa mun bambancin. Ta ce akwai mana, ta fara bayani jaririya ta farka, aka miƙo mun ita aka ci gaba da musu, har na yi mata wanka na gama basu daidaita ba. Washegari da sassafe muka tafi Peckham sayen kayan suna, daddawa kaɗai sai da na biya fam biyar.