Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da Na Shiga Aji da Wake a Kofi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda aka sallamo Autanmu daga asibiti bayan kwana tara, ni kuma na tattara na koma makaranta da rabin hankalina a gida. To daga nan zan ɗora.

Sati biyu da komawata malamar da take mana kos ɗin sadarwa ta shigo ta ce a maimakon tes kowa zai fito gaban aji ya yi jawabi na minti bakwai, maki 20, kuma ba karatu take so a zo a yi mata ba, so take ka zaɓi abu ɗaya da ka yarda da shi ka tsaya ka shawo kan mutane har wanda ya shigo da wani ra'ayi ya fita yana tunani. Aji ya kaure da surutu, wasu suka ɗauki shaye-shaye, wasu satar jarrabawa, ni ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba na rubuta gwajin jini kafin aure saboda cutar sikila. Abin yana cikin gidanmu, da shi muke kwana da shi muke tashi.

Amma kun san me na yi? Na je na zauna a intanet kwana uku ina kwaso manyan kalmomin likitoci, na haɗa silayid 18, kowanne cike da rubutu. Daren da na gama na tsayar da ƙawata ta ɗaki a hostal na karanta mata tun daga farko har ƙarshe, minti sha biyar cur. Ta yi shiru sannan ta ce wallahi ƙawata ban riƙe komai ba, kuma abin da ya ban mamaki ke da kike da Auta a gida ko sau ɗaya ba ki ambace shi ba. Maganar ta soke ni, na kwanta ina juyi, don gaskiya ta faɗa. Da gangan na ɓoye shi. Tsoro nake ji a ce na fito gaban mutane sama da ɗari ina tallar gidanmu, ko a ɗauka iyayena nake zargi.

Ranar Juma'a na tafi gida. Na samu Umma a tsakar gida kan tabarma tana tsince wake a faranti za a yi alala, na zauna ina taya ta, sai da muka yi nisa sannan na samu bakin faɗa mata. Hannunta ya tsaya a cikin waken, ta daɗe ba ta ɗago ba. Mu shida ta haifa, biyu sikila, yayata da ban taɓa gani ba ta rasu tana shekara huɗu tun kafin a haife ni, sai kuma Auta. Da ta buɗe baki sai ta ce a lokacinsu wa ya san wani gwaji, amosani kawai ake cewa, wasu su ce sanyi ne wasu su ce iska, a jiƙa wannan a turara wancan, sai a kan yayata likita ya faɗa musu ita da Abba duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar halittar sikila amma su ba su da cutar. Ta ce ki je ki faɗa, in dai zai hana wata uwa kwanan zaune a bakin gadon asibiti ki faɗa, amma kar ki sa mutane su ji kamar ina da-na-sanin haihuwar ɗana. Na ce in sha Allahu Umma.

Auta yana kwance a ɗaki da robar ruwansa a gefe, shekararsa sha biyu a lokacin amma in ka gan shi sai ka ce ɗan takwas. Na tambaye shi ko ya yarda in ba da labarinsa. Ya ce Yaya ki faɗa, kuma ki ce musu ba raki nake ba, da gaske yana da zafi. Na fita bayan gida na yi kuka na wanke fuska na dawo.

A wannan farantin na Umma dabara ta zo min. Akwai farin wake akwai ja a ciki, na ɗebi kaɗan na ƙulle a leda.

Da na koma makaranta na zubar da silayid 15 na bar uku. Na zaɓi lambobin da zan iya faɗa ba tare da na duba takarda ba, kuma na tabbatar da inda suka fito: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da ƙwayar halittar ko da shi lafiyarsa ƙalau. Sai bayanin jinin da kansa, na mai lafiya ƙwayarsa zagayayya ce mai laushi tana kai kwana 120, ta mai SS kuwa, wato mai sikila, tana lanƙwashewa kamar lauje ta taurare ta toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashin yake tashi, kuma cikin kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, idonsu ya yi ɗorawa. Sauran duk na bari. Na rubuta kalma biyar kacal a ƙaramin kati, kullum bayan isha'i na kunna agogon waya in yi, in ɗauki muryata in saurara, a nan na gano ina gudu da magana kamar ana bina, kuma in na zo wajen Auta muryata rawa take. Na yi ta maimaita wurin har na iya wucewa ba tare da ta karye ba.

Abu ɗaya da malamar ta faɗa a lakca wanda har yau ina amfani da shi, ta ce ka san abin da za a kawo maka na suka tun kafin a kawo, ka je ka shirya masa da mutunci. Ni kuwa na san abin da za a ce, ƙaddara. Don haka na kira Abba muka yi kusan awa a waya a kan wannan kaɗai.

Ranar ta zo, Laraba da rana, zafi, ɗakin lakca ya cika har taga. Ni ce ta tara. Ana kan ta bakwai aka ɗauke wuta, furojakta ta mutu, fanka ta tsaya, mutane suka fara fifita da littattafai. Malama ta ce a ci gaba haka. Da aka kira lambata ƙafata ta yi sanyi, na yi bismilla a zuci na fita da kofi biyu na roba a hannu.

Ban fara da ma'anar sikila ba. Da Turanci muke yi amma ga abin da na ce: ƙarfe biyun dare ƙanena ya tashe mu da ihu, ya ce kamar ana buga masa ƙusa a ƙashin ƙafa, mahaifiyata ta goya yaro ɗan shekara sha biyu muka fita titi neman adaidaita, kuma wannan ne karo na uku a shekarar. Ya ce in faɗa muku ba raki yake ba. Sai na yi shiru na ƙirga uku a raina kamar yadda na saba a hostal. Masu fifita suka tsaya. A lokacin na san suna tare da ni.

Na faɗi lambobina, na ce ku duba bencin da kuke, in ku huɗu ne to akwai yiwuwar ɗayanku AS ne. Sannan na kira kilas ref ɗinmu da wata ɗaliba daga gaba, na ba kowa kofi, a ciki farin wake ɗaya ja ɗaya. Na ce wannan uba ne AS, wannan uwa ce AS, farin shi ne A jan shi ne S, kowa ya rufe ido ya zaro ɗaya, abin da ya fito shi ne ɗan. Na farko fari da ja, AS. Na ce ku mayar. Na biyu ja da ja, SS. Na ce ku mayar. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce ai shi ke nan an wuce, sauran lafiya. Suka zaro na uku, ja da ja. Aji ya ɗauki salati. Ban shirya hakan ba, Allah ne ya kawo, amma shi ne ainihin abin da nake so su gane, mutane da yawa suna ɗauka ɗaya cikin huɗu na nufin in kun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai samu, alhali kowane ciki sabon zare ne, waken komawa kofi yake.

Na rufe da abu ɗaya da nake roƙo, kowa ya je ya san jinotayif ɗinsa, wato ko AA ne ko AS ko SS, tun yanzu kafin zuciya ta kamu, kafin a kai kuɗin gaisuwa, don in an sa rana an ɗinka anko rabuwa ta yi wuya.

Sai tambayoyi. Kamar yadda na zata wani ɗan uwa mai natsuwa wanda duk ajin ake girmamawa ya miƙe ya ce malama ba kya ganin wannan gudun ƙaddara ne, cuta da lafiya ai duk na Allah ne. Na ce gaskiya ka faɗa duk na Allah ne, kuma a gidanmu mun karɓi Auta a matsayin kyauta ba mu taɓa ganinsa a matsayin kuskure ba. Sannan na kawo abin da Abba ya tuna min, lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can ya yanke shawarar juyawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake, ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Na ce gwajin ma sababi ne, ka ɗaure raƙumarka sannan ka yi tawakkali. Ya gyaɗa kai ya ce jazakillahu khairan ya zauna. Ban ji na kayar da shi ba, kuma ban so hakan ba, tambayar da ke zuciyar rabin ajin ya yi min.

Ku tuna lokacin babu wata doka a kai, sai a watan Mayun 2024 ne gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da jinotayif da ƙanjamau da ciwon hanta. Ranar da na ji a rediyo sai da na kira Umma. Ni dai har yanzu ina ganin gwajin da ake yi ana saura sati biyu biki ya yi latti, tun a sakandare ya kamata yaro ya san nasa.

Maki 17 na samu, malama ta cire uku don na wuce lokaci da minti biyu kuma na juya wa ɓangaren hagu baya wajen waken, kuma ta yi daidai.

Ina tattara kofunana kowa ya watse sai wata 'yar ajinmu da ba mu taɓa magana ba ta zo ta tsaya kusa da ni, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, a hankali ta ce don Allah a ina ake gwajin kuma nawa ne. Na gaya mata. Ta yi shiru tana murza zoben hannunta, sannan ta ce ni AS ce na sani tun ina ƙarama, shi kuma ya ƙi zuwa, kuma an sa mana rana bayan babbar sallah, za ki raka ni in yi masa magana?

Yadda muka kwashe da shi da kuma abin da sakamakon ya nuna, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A saka Auta a addu'a, sanyin nan ya fara taɓa shi.