Zayyanar wani tsohon soro a birnin Zazzau

Mu bakwai ne a ɗan kamfaninmu, kuma ba zan ɓoye ba, yawancin abincinmu daga silin POP na sababbin gidaje yake fitowa. Amma aikin da nake so har cikin raina shi ne gyaran zayyanar tsofaffin gidajen ƙasa na cikin ganuwar Zariya.

Bara aka kira mu wani gida can bayan fada. Soro ne na kakan mai gidan, rufin ɗaurin guga da azara, har yau bai motsa ba. Fuskar ƙofar ce wani ya lulluɓe da siminti shekarun baya, wai don kada ruwa ya ci ta. Na ƙwanƙwasa da ƙotar cokali, sai na ji kamar ganga. Siminti ya saki bango ke nan. Haka yake yi kullum: ƙasa takan sha danshi ta fitar, shi kuwa sai ya toshe mata hanya, laima ta taru a baya, gara ta sami masauki. Muka bi a hankali muna ɓamɓarewa, sai ga ƙaton dagi a saman ƙofa, takobi a gefe, can ƙasa kuma keke, wanda da gani ƙari ne na baya-baya. Alhaji ya yi tsaye, ya ce rabonsa da keken nan tun yana makarantar allo.

Duk da haka, da aka zo ciniki, cewa ya yi a mayar da siminti a shafa fenti, ya fi sauƙi. Na ce, "Alhaji, in haka ne gara a kira wani, ni ba zan binne shi karo na biyu ba." Ya yi dariya, ya rage mini kuɗi, ya yarda.

Kayan aikin su ne wahalar. Birji, wato ƙasar gini, dai akwai, a kwaɓa shi da busasshiyar ciyawa, a tattake, a bar shi kwanaki yana tsima ana yayyafa ruwa. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta, ita ke sa yaɓe ya yi tauri, ya ba da launin nan mai duhu. Laso, wato yaɓen ƙarshe da ke kare bango daga ruwa, shi ne ya fi ba ni ciwon kai, don sai an haɗa katsi na ramin rini da gashin jima da yauƙin dafara. Marina ta yi ƙaranci, sai da na je Ƙofar Mata a Kano kafin na sami katsin da zai isa.

Zanen kansa ba ni nake yi ba. Akwai wani dattijo da muke ce wa Baba, wanda ya tashi a hannun maginan Unguwar Babban Gwani, zuriyar Malam Mika'ilu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen 1830 da ɗoriya. Ba ya auna komai da tef. Zai yaɓa ƙasa da kauri, ya jira ta ɗan sha iska, ya ja layi da ɗan yatsa, sannan ya dinga matsa gefe da gefe har igiyar dagin ta taso, wannan ta hau waccan ta nutse ƙarƙashi. Yarana da suka saba da zuba POP a mazubi sai su yi cirko-cirko. Ɗaya ya gwada, Baba ya duba ya ce wannan ai taliya ce, ya shafe.

Kuskuren nawa ne da na ja aikin har ƙarshen Afrilu. Ruwan farko ya sauko da dare kafin mu shafa laso, da safe muka tarar rabin dagin a ƙasa ya zama taɓo. Baba bai ce uffan ba, ya naɗe hannun riga. Kwana tara ya ƙara mana, daga aljihuna.

Keken kuwa ba mu taɓa shi ba sai ƙafar baya da ta gutsure. Alhaji ya ce a bar kararrawar yadda take, a karkace.